Mai Sayarwa da Kaka, Mai Saye da Damina: Yadda Farashin Abinci Ke Cin Ƙaramin Manomi Gaba da Baya

Cikin shekara biyu kacal, Arewacin Najeriya ya ji kuka iri biyu a kan abinci. A 2024 masu cefane ne suka koka. Tun farkon shekarar buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira 70,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi bai wuce naira 30,000 ba. A watan Fabrairu mata suka tare hanya a Minna, masu gurasa suka fito a Kano saboda tsadar fulawa, magidanta kuma suka koma sayen afafata, ɓarzajjen tsakin shinkafar da a da masu kiwon kifi ne ke kwasa daga injinan casa. Zuwa watan Yuni, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da kashi 40.87 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabata. A Agusta aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa ta kwana goma, wadda ta ci rayuka a jihohin Arewa da dama.

Da kakar 2025 ta kama, sai kukan ya koma ƙauye. Buhun masara ya faɗo ƙasa da rabin kuɗin da aka saye shi a daminar 2024, shanshera ta yi kwantai, amma takin zamani bai sauko ba. A kasuwanni da yawa manomi kan kai buhun masara mai kilo 100 ya sayar, kuɗin ba su isa su sayo masa buhun taki mai kilo 50 ba.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka rigima ce tsakanin ɓangare biyu: birni na son arha, ƙauye na son tsada, aikin gwamnati kuwa ta zaɓi wanda za ta faranta wa. Wannan fahimta ita ta jagoranci manufofin abinci a ƙasar shekara da shekaru, kuma ita ce tushen kuskuren. Ƙaramin manomi yana cikin ɓangarorin biyu duka. Da kaka shi ne mai sayarwa, da damina shi ne mai saye, kuma a lokutan biyu farashi na juya masa baya.

Shekarar mai gona kaɗan

Ƙidayar harkar noma da Hukumar Ƙididdiga ta yi a 2022 ta gano gidaje kimanin miliyan 40 da ke noma ko kiwo a Najeriya. Mafi yawansu gonarsu ba ta wuce hekta ɗaya zuwa biyu ba, kuma rabon gado na ƙara tsinka ta kowane ƙarni. A irin wannan gona ake haɗa gero da dawa da wake, wani lokaci da gyaɗa ko riɗi a gefe, don in wannan ya ƙi wancan ya yi.

Abin lura shi ne lokacin da buƙatu ke faɗo wa irin wannan magidanci. Ana gama girbi a Oktoba da Nuwamba, masu bin bashi ke sallama. Akwai mai shagon da ya ba da taki da maganin feshi a kan sai kaka, akwai mai garmar shanu da ya yi huɗa, akwai attajirin ƙauye da ya ba da kuɗi a watan Yuli da sharaɗin za a biya shi da buhu. A wannan tsakanin ne ake ɗaura aure, ake biyan kuɗin makaranta, ake gyara katangar da marka ta rushe. Duk maƙwabtansa suna cikin hali ɗaya, saboda haka ranar kasuwa kowa da buhunsa a bayan babur ko amalanke, dillalai kuma su yanka farashin da suka ga dama. Hatsin ya bi manyan motoci zuwa rumbunan 'yan kasuwa a Dawanau, Funtuwa, Dandume, Giwa, Saminaka da Potiskum.

Daga nan sai bazara. Rumbun gida ya fara ƙasa tun kafin ruwan shuka, zuwa Yuli da Agusta kuwa babu komai sai ƙaiƙayi. Mutumin da ya sayar da buhu a Nuwamba yanzu shi ne tsugune gaban mai awo yana sayen tiya ɗaya, ko kwano ɗaya, a farashin da ya fi wanda ya sayar nesa ba kusa ba. Kuɗin awon kuma daga ƙwadago suke fitowa, wato sai ya bar tasa gonar ciyawa na cinye ta, ya je ya yi wa mai hali noma. Gonar da ba a yi mata noman farko da maimai a kan kari ba takan ba da amfani kaɗan, kaɗan ɗin kuma ya ƙare da wuri a shekara mai zuwa.

Wannan zagaye ba sabo ba ne. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta bayyana shi dalla-dalla a littafinta Rural Hausa na 1972: masu hali suna ajiye hatsi har ya yi daraja, matalauta suna sayarwa da wuri su koma ƙwadago. An yi fiye da shekara hamsin, tsarin na nan yadda yake, sai dai kuɗin shiga gona da suka ninka, ga ƙasar da ta gaji har ba ta ba da komai sai da taki.

Abin da ya hura wutar 2024

Tsadar da aka gani ba daga rashin ruwan sama kaɗai ta zo ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yuni na 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dala ɗaya da ke wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Fetur shi ke tuƙa injin ban-ruwa a fadamun Kebbi, Jigawa da Kano, shi ke kai buhu kasuwa, shi ke kai ɗan ƙwadago gona. Dala kuwa ita ke sayo maganin ciyawa, da irin kayan lambu, da sinadaran haɗa taki. Masu noman rani da dama sun juya injinansu suka koma aiki da tukunyar gas, masu ɗan ƙarfi suka sayi famfo mai aiki da hasken rana, marasa ƙarfi suka rage faɗin gona.

Faɗuwar naira ta kuma sa hatsin Najeriya ya zama mai arha ga duk mai riƙe da sefa, sai kaya suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Nijar, Chadi da Kamaru, duk da rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023. A ɗaya gefen, Nijar ta hana fitar da hatsinta a Oktoban 2024, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Kasuwannin Jibiya, Illela, Maigatari da Maraɗi, waɗanda tun kaka da kakanni suke cike wa juna giɓi, suka shiga ruɗani.

Sai matsalar tsaro, wadda ta fi kowacce ciwo. A sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato, Neja da Birnin Gwari, 'yan bindiga na ɗora wa ƙauyuka haraji kafin shuka, su sake ɗora wani kafin girbi. Manyan gonakin daji, waɗanda su ne suka fi albarka, an bar su, kowa ya dawo yana noma ɗan abin da ke bayan gari. A Borno har yanzu ba a manta da manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa yankan rago a gonakinsu a Nuwamban 2020 ba. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a jihohi masu yawa, a Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri.

An yi ta ɗora laifi a kan masu ɓoye abinci, har hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Kano ta garƙame wasu rumbuna a Dawanau a Fabrairun 2024. Gaskiya ne a lokacin kowa ya zama ɗan kasuwar hatsi. Ma'aikata da 'yan siyasa da masu kuɗin da ba su san bambancin farfara da kaura ba duk sun saye sun kimshe, domin riƙe masara ya fi riƙe naira. Amma ajiya ita kanta ba laifi ba ce. In babu mai ajiyewa da kaka, babu abin da za a auna da damina. Tambayar da ta kamata a yi ita ce me ya sa wanda ya noma hatsin ne kaɗai ba ya iya ajiye shi.

Yau a rufe, gobe a buɗe

Manomin shinkafa da masara ya ga sauyin manufa iri-iri cikin shekara goma. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana ba masu shigo da shinkafa dala a farashin gwamnati, a Nuwamban shekarar kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anko Borowa a Birnin Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu har zuwa Disamban 2020. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja. Saƙon a bayyane yake: ku noma, kasuwa taku ce. Jama'a suka amsa, 'yan kasuwa suka zuba jari a injinan casa a Kano, Kebbi da Jigawa. Shirin bashin ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya, kaso mai yawa bai dawo ba, kuma an yi ta ƙorafin cewa manoman bogi sun ci rabon na gaskiya. Sabon shugabancin bankin ya dakatar da irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023, ba tare da an kafa wani abin da zai maye gurbinsu ba.

A Yulin 2024, da wuta ta yi wuta, Ministan Noma Abubakar Kyari ya sanar da janye harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na tsawon kwana 150. Babu mai musun cewa jama'a na cikin yunwa kuma dole a yi wani abu. Matsalar ita ce lokacin. An yi sanarwar bayan manoma sun riga sun shuka da taki mai tsada, kayan kuma suka yi ta isowa har cikin 2025. A daidai wannan lokaci Indiya ta ɗage takunkumin da ta sa wa fitar da shinkafarta, farashin duniya ya faɗi, fasa-ƙwauri ta iyakar Benin ya sake samun riba. Naira ta ɗan daidaita, damina ta yi kyau, waɗanda suka kimshe hatsi suna jiran ya ƙara tashi suka tsorata suka fito da shi a lokaci guda. Injinan casa da yawa suka rage aiki ko suka tsaya, mai shanshera ya rasa mai saye.

Irin haka ta samu mata masu tsintar kaɗanya a Neja, Kwara da Kebbi a Agustan 2025, sa'ad da gwamnati ta hana fitar da ɗanyen ƙwaranta na wata shida ana tsakiyar kakarta. Niyyar ita ce a ƙarfafa masana'antun man kaɗe na cikin gida, amma farashi ya faɗi nan take, kuma a hannun matan ƙauye asarar ta fara sauka.

Lissafin gona da lissafin tukunya

A ɗauki hekta ɗaya ta masara. Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa ita ce buhu takwas na kamfa da biyu zuwa uku na yuriya. Wanda ya zuba haka, da ingantaccen iri irin na cibiyar bincike ta Samaru, ruwa kuma ya yi daidai, zai iya ɗaukar buhu arba'in ko fiye. Mafi yawan manoma ba su iya kaiwa nan, shi ya sa matsakaicin amfanin ƙasar ke wajen tan biyu a hekta, wato buhu ashirin. Lokacin da shirin takin shugaban ƙasa ya fara aiki a 2017 da haɗin gwiwar Maroko, naira 5,500 ake sayar da buhu. A 2025 buhun kamfa ya haura naira 40,000. Wannan kuwa a ƙasar da ke da katafaren kamfanin yuriya na Dangote a Legas, mai iya fitar da tan miliyan uku a shekara, da na Indorama a Fatakwal. Yuriya kaya ce da ake sayarwa waje da dala, don haka farashinta a Funtuwa na bin na duniya; sinadaran fosfet da fotash kuma shigo da su ake yi.

Bayan taki akwai hayar gona, huɗa, feshi, ƙwadago, girbi, casa, buhu da kuɗin mota. Bashin banki ba na ƙaramin manomi ba ne: kuɗin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, ga rashin jingina, ga ƙyamar riba da ta hana da yawa kusantar bankin tun farko. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, shi kuwa ba shi da na cikin.

Saboda haka yake yanke shawarar da hankali ya ba shi. Ya rage masara da shinkafa, ya ƙara dawa, gero, waken suya da riɗi, waɗanda ba su cin taki sosai. Ya zuba buhu biyu inda ake buƙatar goma. Ya sayar da tunkiya, ya ba da jinginar gona, ko ya tura samarin gidan ci-rani, su yi acaba ko haƙar zinariya. Kowace daga cikin waɗannan dabara ce mai ma'ana ga gida ɗaya. Idan miliyoyin gidaje suka yi ta a lokaci ɗaya kuwa, sakamakon shi ne ƙarancin masara a shekara mai zuwa, da sabuwar tsada ga wanda ya yi murnar arha.

Mai tumatir a Kadawa, Kura da Garun Malam ya fi kowa sanin wannan hawa da sauka. Daga Janairu zuwa Maris kwanduna kan yi yawa har a yanka a shanya a bakin titi. Da zafi ya shigo, tsutsar sharon ta sauka kamar yadda ta yi a 2016, sai kwando ya gagari mai miya. Kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ya sha tsayawa, domin lokacin arha ba ya iya kwashe duka, lokacin tsada kuma kasuwa ta fi shi biya.

A ɓangaren mai cefane, binciken Hukumar Ƙididdiga na 2019 ya nuna kusan kashi 57 cikin ɗari na abin da gidaje ke kashewa a kan abinci yake tafiya, na matalauta kuma ya fi haka. Gidan da ke wannan hali ba shi da inda zai rage in ba a tukunya ba. Mai sayen buhu ya koma kwano, mai kwano ya koma gwangwani. Uwar gida kan aiki yaro shago da kuɗin da za a ƙulla mata manja a leda, da magi ƙwaya biyu, da garin masara na tuwon dare ɗaya; nama ya fita, awara ta shiga, ƙwai da madara sun zama na mara lafiya. Sayen ƙulli-ƙulli kuma ya fi sayen sari tsada, wato wanda ya fi kowa rashi shi ke biyan farashi mafi yawa.

Saukar farashin hatsi a 2025 ta kawo sauƙi na gaske a birane, kuma masu kiwon kaji da tsadar masara ta durƙusar sun ɗan farfaɗo. Sai dai yunwa ba ta tafi ba. Rahoton haɗin gwiwar gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashen mutum miliyan 33 za su shiga matsanancin ƙarancin abinci a daminar 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta ce yara 652 ne suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Mafi yawan irin waɗannan yara daga ƙauyukan noma ake kawo su. Nijar ta ga haka a 2005, lokacin da kasuwannin Maraɗi ke da hatsi amma iyaye ba su da abin saye.

Inda gyara yake

Hanya ɗaya ce ke ba mai saye arha ba tare da ta karya manomi ba: a rage abin da ake kashewa kafin a samar da buhu guda. Wannan na nufin taki ya isa hannun manomi kafin ruwan shuka, ba a watan Agusta ta hannun 'yan siyasa ba. A gyara hanyoyin ruwa na Tiga, Bakolori da kwarin Haɗejiya. A sauƙaƙa famfon hasken rana. A rage shingayen karɓar kuɗi a hanyar Arewa zuwa Kudu. A kuma dawo da tsaro har manomi ya koma gonar daji.

Na biyu shi ne a ba ƙaramin manomi ikon jira. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyoyin manoma da tallafin hukumar abinci ta FAO suka fara tsarin jinginar hatsi. Mambobi kan tara amfaninsu a sito ɗaya da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba kowa rancen wani kaso na darajar hatsinsa, ya biya buƙatunsa, ya yi kiwo ko sana'ar rani, in ya biya bashin a buɗe sito ya ɗauki kayansa a lokacin da suka yi daraja, ko ya ci abinsa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Kamaru da Nijar, yana kashe ƙwarin wake ba tare da an zuba magani ba, ya kuma sa ajiyar gida ta yiwu. Tsarin na da haɗarinsa, domin a shekara irin 2025 wanda ya ajiye ma ya yi asara. A nan ne aikin gwamnati yake.

A Najeriya, tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, babu wani tsayayyen mai saye da ke tare farashi in ya faɗi. Rumbunan gwamnatin tarayya na nan a jihohi da dama, amma da tsada ta yi tsanani a Fabrairun 2024 tan 42,000 kawai aka iya fitarwa, ga al'umma fiye da miliyan 200. Da ana saye da kaka a kan farashin da aka sanar tun kafin shuka, a fitar da damina, da an taimaki ɓangarorin biyu da kuɗi ɗaya. Nijar na gwada irin wannan ta hukumar OPVN, mai sayar da hatsi a farashi mai rahusa lokacin da rumbuna suka ƙare. Waɗanda ba su da abin saye ko da an yi arha kuwa, tallafin kai tsaye da ciyar da yara ne maganinsu, ba karya farashin manomi ba.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko kwabo. Manomin Arewa yana yanke shawarar abin da zai shuka ne tsakanin Maris da Mayu, lokacin sharar gona da neman iri da cin bashin taki. Duk wata doka ta buɗe iyaka, rufe ta, janye haraji ko hana fitar da kaya, kamata ya yi a sanar da ita kafin wannan lokaci, a faɗi farashin da in an kai shi za a shigo da abinci daga waje, da adadin da za a shigo da shi, sannan a tsaya a kan maganar har a gama girbi. Manoman da suka yi asara a kakar 2025 da wannan lissafin za su shiga gona, kuma yawan masara da shinkafar da suka yarda su shuka shi zai yanke farashin kwano a Kano, Kaduna da Legas a watannin Yuli da Agusta masu biyowa.